Maniƙar Iska Babu Mai Niƙa: Gyara Ne Ko Wankan Gawa?

A gabashin ƙasar Iran, kusa da iyakar Afganistan, akwai wani gari mai suna Nashtifan a gundumar Khaf ta lardin Kurasan Razawi. A kan tudun da ke saman garin an jera wasu gine-ginen laka fiye da ashirin, kafaɗa da kafaɗa, kowanne da gungumen itace a tsaye a tsakiyarsa, an kewaye gungumen da allunan katako. Iska ce ke tura allunan, gungumen ya juya, dutsen da ke ɗakin ƙasa ya mai da alkama gari. Mutanen Farisa na kiran wannan inji asbad, daga as, wato dutsen niƙa, da bad, wato iska. Da Hausa ana iya ce masa maniƙar iska.

A shekarar 2002 gwamnatin Iran ta sanya maniƙun Nashtifan cikin jerin kayan tarihin ƙasa. A 2017 kuma ta shigar da irin waɗannan maniƙu cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Ana yi wa bangayen yaɓe, ana canza katakon da ya ruɓe, baƙi na zuwa suna ɗaukar hoto. Sai dai kaɗan ne daga cikin maniƙun ke niƙa wani abu. Rahotannin da suka fito daga garin a 'yan shekarun nan sun nuna dattijo guda ne ya shafe shekaru yana kula da su, babbar damuwarsa kuwa ita ce rashin wanda zai karɓi aikin daga hannunsa.

A nan matsalar take, kuma ba ta Nashtifan kaɗai ba ce. Yawancin abin da hukumomi da masu ba da tallafi ke kira gyaran maniƙa, aikin gini ne da kafinta: a tayar da bango, a kafa fukafukai, a shafa fenti, a yanka kyalle, a watse. Mutumin da ya san yadda ake sarrafa injin ba ya cikin kasafin kuɗin. Irin wannan gyara, komai kyansa, wankan gawa ne. An tsabtace ta, an shafa mata turare, an naɗe ta da farin ƙyalle, amma babu wanda ke tsammanin za ta tashi. Maniƙa inji ce, kuma ma'aunin gyaran inji guda ne: shin yana aiki, kuma akwai wanda zai ci gaba da sa shi aiki bayan masu gyaran sun tafi?

Injin da iska ta tsara

Tarihin maniƙar iska ya fi yadda ake zato kusanci da duniyar Musulmi. Malamin tarihi Ɗabari ya ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya taɓa tambayar Abu Lu'lu'a, bawan nan Bafarishe na Mugira ɗan Shu'uba, game da labarin da ya ji cewa yana iya ƙera abin niƙa da iska ke juyawa. Wannan Abu Lu'lu'a shi ne ya soki Halifan a shekarar 644. A ƙarni na 10 kuma masana labarin ƙasa, Isɗakhari da Mas'udi, sun bayyana yankin Sistan a matsayin ƙasar iska da rairayi, inda mutane ke ɗora wa iska aikin niƙa. Sistan na kudu da Nashtifan, kuma iska guda ce ke kaɗa su.

Wannan iska tana da suna. Ana ce mata iskar kwana 120, domin tana busowa daga wajen arewa tun ƙarshen watan Mayu har zuwa ƙarshen Satumba, kusan ba ta sauya alƙibla. Har ana cewa sunan Nashtifan ma ya samo asali ne daga kalmomin da ke nufin harbin guguwa. Saboda iskar ta san hanyarta, maginan ba su wahalar da kansu wajen ƙera injin da zai riƙa juyawa yana nemanta ba. Sun gina bango mai fuskantarta, suka bar wata doguwar kafa a gefe guda. Iskar ta matso ta kafar, ta bugi allunan da ke wannan gefen, bangon kuma ya kare allunan da ke dawowa ta ɗaya gefen. Ba don bangon ba, da iskar ta tura ɓangarorin biyu lokaci guda, gungumen ya tsaya cik. Babu giya, babu bel, babu ƙafa mai haƙora: gungumen da iska ke juyawa a sama shi ne ya ratsa ƙasa ya riƙe dutsen niƙa na sama.

Injiniyan zamani zai ce wannan tsari na ɓarnar ƙarfin iska, domin ɓangare kaɗan na allunan ne ke aiki a kowane lokaci. Gaskiya ne. Amma inda iska ta yi yawa, ƙarfe kuma ya yi tsada, injin da za a iya gina shi da laka da ƙaiƙayi da itace, a kuma gyara shi da hannun mutanen gari, shi ne mai hikima. Ba a tsaya wuri guda da shi ba ma. Bayanin da Dimashƙi ya rubuta a farkon ƙarni na 14 ya nuna duwatsun a ɗakin sama, allunan a ƙasa, alhali na Nashtifan akasin haka suke. Masu amfani da injin sun yi ta sauya shi gwargwadon abin da aiki ya koya musu.

A Turai lamarin ya bi wata hanya, domin iskarsu ba ta da alƙibla guda. Rubutattun shaidu na farko game da maniƙar iska a can sun fito ne a shekarun 1180, ciki har da wata a Weedley ta yankin Yorkshire a Ingila a 1185. Tasu ɗaki ce na katako da aka ɗora bisa ƙaton ginshiƙi guda, da fukafukai huɗu a gaba, mai niƙa na tura ɗakin gaba ɗaya har ya fuskanci iska. Daga baya aka yi ta ƙari. A 1745 Edmund Lee ya yi rajistar ƙaramar fanka da ke juya kan maniƙa da kanta. A 1772 Andrew Meikle ya ƙirƙiro fukafukai masu ganyen katako da ke buɗewa idan iska ta yi ƙarfi, a 1807 kuma William Cubitt ya inganta su ta yadda za a daidaita su ba tare da an tsai da injin ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya fito ne daga wahalar mai niƙa, mutumin da ke tashi da tsakar dare idan iska ta juya. Tarihin maniƙa tarihin wannan mutum ne. Wanda ya gyara ginin ya manta da shi ya yi tuya ya manta da albasa.

Abin da zama ke yi wa inji

Akwai masu tunanin cewa hanya mafi aminci ta adana tsohon inji ita ce a hana shi motsi. Duk wanda ya taɓa ajiye mota shekara biyu a gareji ya san ƙaryar wannan tunani. Idan fukafukai suka tsaya wuri guda wata da watanni, nauyinsu na danne gefe guda na gungumen, ruwan sama na taruwa a mahaɗa guda, ruɓa na farawa a inda ido ba ya kai wa. Ƙwari masu cin katako sun fi son itacen da ba ya girgiza. Mai ya bushe a magamar ƙarfe, tsatsa ta kama. Mafi muni kuma, babu kunnen da ke sauraro. Mai niƙa na gane sassautawar ƙusa daga sauyin ƙara, yana gane lalacewar dutse daga ɗumin garin da ke zuba a tafin hannunsa. A maniƙar da aka kulle, ɓarnar da ƙusa guda za ta magance a yau sai ta jira har ta zama kwangilar miliyoyi.

Dutsen niƙa shi kansa ba ya zama da kaifinsa. Kowace tsohuwa a ƙasar Hausa da ta taɓa niƙa a dutse ta san cewa idan ya yi santsi sai an koɗa shi da makoɗi. Haka manyan duwatsun maniƙa suke: ana ɗaga na sama, a sassaƙa tsagogin da ke fuskarsu da gudumar ƙarfe, tsagogin da ke yanka ƙwaya su kuma tura gari zuwa baki. Wannan aiki ba a koyonsa daga littafi. Sai an zauna gefen wanda ya iya, an ɓata, an gyara.

Maniƙar ƙauyen Pitstone da ke yankin Buckinghamshire a Ingila ta nuna tsadar dogon zama. Tana cikin mafiya tsufa a Birtaniya, an sassaƙa shekarar 1627 a jikin katakonta. Ta yi wa ƙauyen niƙa kusan ƙarni uku, har wata guguwa ta lalata ta a 1902, aka ga gyaranta ba zai biya kuɗinsa ba. A 1937 aka miƙa ta ga ƙungiyar National Trust mai kula da kayan tarihi. Sai a 1963 wasu 'yan sa-kai suka ɗauki aikin gyaranta gadan-gadan, kuma a 1970 ta sake niƙa hatsi, bayan shekara 68. Aiki ne na sadaukarwa wanda ya cancanci yabo. Amma a yau ba a barin fukafukanta su yi aiki, domin girgizar da suke haddasawa na barazana ga tsohon katakon. Baƙo na iya zuwa ya ga duwatsun, ya ji bayani, ya sayi kati. Abin da ba zai gani ba shi ne niƙa.

Babu adalci a zargi masu kula da Pitstone. Inji mai shekara kusan 400 na iya kai wa lokacin hutawa. Abin zargi shi ne a ɗauki wannan hali na larura a mai da shi manufa, a riƙa gyara maniƙu tun farko da niyyar su tsaya, ko da katakonsu sabo ne fil kuma suna iya aiki. Ƙasar da duk maniƙunta suka zama kamar Pitstone ta mallaki gine-gine masu kyau, ta kuma rasa sanin abin da aka gina su dominsa.

Yadda Holan ta yi

Babu ƙasar da ta kai Holan shahara da maniƙar iska, kuma ita ma ta kusa rasa su. A tsakiyar ƙarni na 19 tana da fiye da 9,000, wasu na niƙa hatsi, wasu na tsaga katako, wasu na tatsar mai, da yawa kuma na kwashe ruwa daga filayen da ke ƙasa da matakin teku. Injin tururi ya zo, dizal da lantarki suka biyo baya, manyan masana'antun fulawa masu niƙa da ƙarfe suka ƙwace kasuwa. Yanzu kimanin 1,200 suka rage.

A 1923 aka kafa ƙungiyar De Hollandsche Molen domin tsai da rushewar. Ta ceci gine-gine da dama, amma bayan wasu shekaru aka lura da wani giɓi: tsofaffin masu niƙa na mutuwa, maniƙun da aka kashe kuɗi aka gyara kuma na sake lalacewa saboda babu mai juya su. Wannan ne ya haifar da ƙungiyar masu niƙa 'yan sa-kai a 1972. Wanda ke son shiga sana'ar, ko malamin makaranta ne ko akanta ko ɗan fansho, sai ya yi aƙalla awa 150 a maniƙa ƙarƙashin ƙwararre, a cikin dukan yanayin shekara, ya koyi karatun gajimare da ɗaura ƙyallen fukafukai da kama birki, sannan ya zauna jarrabawa.

Wasu matakai biyu sun fi kowanne nuna cewa mutanen Holan sun fahimci abin da suke adanawa. Na farko, a lardin Holan ta Kudu ana ɗaura wa maniƙu na'urar ƙirga juyi, ana kuma biyan wani tallafi gwargwadon yawan juyin da suka yi a shekara. Wato kuɗin gwamnati na bin motsi. Na biyu, akwai ƙa'idar da ke iyakance tsayin gine-gine da itatuwa a kewayen maniƙa har zuwa mita 400, domin kada a tare mata iska. Sun gane cewa iskar ma ɓangare ce ta injin. Maniƙar da aka kewaye da benaye ta mutu ko da ba a taɓa ko ƙusarta ba.

A 1997 UNESCO ta amince da maniƙu 19 na Kinderdijk, waɗanda aka gina yawancinsu tsakanin 1738 da 1740, a matsayin gadon duniya. Shekara 20 bayan haka, a 2017, hukumar ta sanya sana'ar mai niƙa ita kanta cikin jerin al'adun da ake gada hannu da hannu. Wannan tazara ta shekara 20 tana faɗin wani abu game da masu kula da tarihi: sun riga sun ga gini kafin su ga mutumin da ke cikinsa. Ba lallai ba ne Nashtifan ta jira irin wannan tazara, domin dattijon da ke can ba shi da shekara 20 na jira.

Hujjojin masu kulle ƙofa

Masu goyon bayan gyaran gini kawai ba wawaye ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Ta farko ita ce ta asali. Suna cewa duk injin da ke aiki yana cin kansa, dole a riƙa canza sassansa, a ƙarshe babu abin da zai rage na ainihin tsohon katakon. Wannan tunani na da tushe mai daraja. A 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila domin yaƙar masu kankare tsofaffin majami'u suna sabunta su da sunan gyara, kuma Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta ɗora girmama ainihin kayan gini a kan gaba. Amma abin da ya dace da bangon dutse bai zama lallai ya dace da fiffiken katako ba. Babu maniƙar da ke ɗauke da fukafukan da aka haife ta da su. An yi su ne domin a canza su. Masana ma sun dawo kan wannan batu a taron Nara na ƙasar Japan a 1994, inda aka amince cewa ingancin abin tarihi na iya kasancewa a cikin aikinsa da dabarar yinsa da al'adar da ke riƙe da shi, ba a cikin kayan da aka yi shi da su kaɗai ba. Japan ce ta karɓi baƙuncin taron, ƙasar da ke sake gina babban wurin bautarta na Ise duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma ta wannan hanya kafintocinta ba su taɓa manta yadda ake gina shi ba.

Ta biyu ita ce ta kuɗi. Injin dizal ko na lantarki na niƙa buhu cikin 'yan mintuna, ba ya jiran damina ko rani, saboda haka babu manomin da zai kai alkamarsa kan tudu ya zauna jiran iska. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da ke neman maniƙar iska ta yi gogayya da masana'antar fulawa. Amma tambayar da ke gaban hukuma ba ta riba ba ce, tunda ta riga ta yarda ta kashe kuɗi. Tambayar ita ce a kan me za a kashe shi. Albashin mai niƙa guda da almajirai biyu na shekaru masu yawa abu ne ƙarami idan aka gwada shi da kwangilar sake gina abin da ya rushe saboda sakaci. Dalilin da ya sa ake fifita kwangilar ba ɓoyayye ba ne. Kwangila na da ranar buɗewa, da allo mai ɗauke da sunan mai ba da tallafi, da hoton da za a sa a rahoton ƙarshen shekara. Albashin almajiri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rigakafi ya fi magani, amma magani ne ke fitowa a jarida.

Ta uku ita ce ta hatsari. Fiffike mai juyawa na iya kashe mutum, dutsen da ya juya babu hatsi na iya tayar da tartsatsi cikin ƙurar gari, birkin katako na iya kama wuta idan iska ta fi ƙarfinsa. Maniƙu da yawa sun ƙone ta haka. Sai dai wannan hujja ce ta neman horo, kuma horon nan shi ne abin da ake ƙin biya. Holan ba ta magance hatsarin da kwaɗo ba. Ta magance shi da awa 150 da jarrabawa.

Ta huɗu ita ce ta 'yan yawon buɗe ido, waɗanda aka ce hoto suke so, ba gari ba. Ko da an yarda da wannan, baƙon da ya ga duwatsu na juyawa, ya ji ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tafi da ƙullin garin da aka niƙa a gabansa, ya fi wanda ya leƙa ta taga samun abin ba da labari. Gani ya kori ji, amma ganin aiki ya kori ganin kango.

Laka ba ta san gyara sau ɗaya ba

A Nashtifan akwai ƙarin dalili da ya sa rashin magaji ya fi zama barazana, kuma dalili ne da duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai gane nan take. Ginin laka ba ya rayuwa da gyara guda, komai tsadarsa. Iska mai ɗauke da rairayi na goge shi, ruwa na zaizaye shi, saboda haka sai an riƙa bin sa da yaɓe a kai a kai. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu ya samo asali daga 1907, na tsaye ne domin mutanen garin na fitowa kowace shekara su yaɓe shi, kuma itatuwan da suka fito daga bangonsa matakala ce ta masu wannan aiki. An saka gyaran cikin siffar ginin tun ranar farko.

Ƙasar Hausa ta san ɗaya fuskar labarin. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na cikin mafiya ƙwarewar ginin laka da azara a Afirka. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na cikinsa da sabon gini na siminti, aka kuma gina kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. An adana siffar har sau biyu. Abin tambaya shi ne matasa nawa ne a yau za su iya ɗaure bakan gizo irin nasa, ko su haɗa makuba yadda za ta kori ruwa. Ganuwar Kano kuwa na narkewa a duk damina a wuraren da babu mai bin ta da yaɓe. Darasin guda ne daga Kurasan har Zazzau: a ginin laka, magini ne abin tarihin, bangon shaidarsa ce kawai.

Idan dattijon Nashtifan ya tafi babu magaji, bangayen ba za su faɗi washegari ba. Hukuma za ta aiko da leburori su yi yaɓe, kafinta ya kwaikwayi tsofaffin alluna. Abin da zai tafi shi ne abin da ba a rubuta ba: yadda ake daidaita tazarar duwatsu da ƙarfin iskar ranar, yadda ake tsai da gungumen idan guguwa ta taso, irin itacen da ke jure wannan aiki da lokacin da ya kamata a sare shi. Daga nan duk gyaran da zai biyo baya zato ne. Za a gina abin da ya yi kama da maniƙa, kamar yadda wanda bai iya karatu ba zai iya zana haruffa.

Abin da ya kamata a nema

Duk mai hannu a irin wannan aiki, ko jami'in gwamnati ne, ko injiniya, ko mai ba da tallafi, ko ɗan jarida, yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin a sa hannu a takarda. Wane ne zai sarrafa injin bayan an gama? Wa yake koya wa? Daga wane asusu za a biya su a shekara ta biyar da ta goma? Kwana nawa a shekara injin zai juya, kuma wa zai ƙirga? Me ya hana wani ya gina bene a bakin iskar? Ina garin da aka niƙa zai tafi? Shirin da ba shi da amsar waɗannan tambayoyi shirin biki ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

A aikace, buƙatun ba su da yawa. A ware wani kaso na kowane kuɗin gyara domin horar da almajirai, a kuma biya su abin da zai hana su tafiya birni neman aikin gadi. A fara horon tun tsohon gwanin na da ƙarfin hawa matakala, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaura tallafin shekara da yawan aikin da injin ya yi. A kare hanyar iska da doka. A bar 'yan maniƙun da tsufa ya gama da su su huta kamar Pitstone, da sharaɗin cewa akwai wasu kusa da su da ke niƙa, inda sana'ar za ta zauna. A kuma sanya masu niƙa a teburin shawara tare da masana, domin su ne za su ji ƙarar kuskuren da aka yi a zane.

Iskar kwana 120 za ta dawo a watan Mayu mai zuwa ko an kafa kwamiti ko ba a kafa ba. Laka na nan a ƙarƙashin tudun, itace na samuwa, ana kuma noman alkama a Kurasan har yanzu. Cikin dukan abubuwan da maniƙar ke buƙata, mutum ne kaɗai ke da wa'adi, kuma shi ne kaɗai ba a tanadar masa kuɗi ba.